Jiran Gawon Shanu: Mai Hoto Ya Sayi Zum Yanzu Ko Ya Dakata?

Maganarmu ta yau a ido kamar ƙarama take, alhali kuwa akwai abincin magidanta da kuɗin jama'a a cikinta. Ta shafi masu ɗaukar hoto na gundumomin Magariya da Dungas, ta kuma shafi ma'aikatun gwamnati waɗanda aikinsu ba ya cika sai da hoto.

A gaban kowace kyamara ta masu sana'a akwai wani bututu mai gilasai jere a ciki, shi ne idonta. Akwai irin wanda ke jawo abin da ke nesa ya zo kusa, ana murɗa shi ko a ja shi, abu ya ƙara girma ko ya rage. Masu sana'a suna ce masa zum. Lambobin da ke jikinsa, kamar 70-200 ko 100-400, milimita ne. Ido mai milimita 50 yana ganin abu kusan yadda idon mutum ke gani, mai 400 kuwa yana girmama abin sau 8 bisa wancan. To, wanda nasa ya tsufa ko ya gaza, ya sayi wanda ya fi shi yanzu, ko ya dakata sai kamfani ya fito da sabon samfuri? Mu dai ra'ayinmu shi ne, in har tsohon ya fara hana shi aiki, ya saya. Ga dalilanmu.

Kowa ya sani wayar salula ta cinye rabin kasuwar mai hoto. Hoton ango da amarya a tsakar gida, yaro ma yana ɗauka da wayar yayansa. Abin da ya rage wa mai sana'a shi ne abin da yawancin wayoyi ba su kai gare shi: fuskar ɗan kokowa a tsakiyar fili lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa, mahayi a ranar hawan salla, mai jawabi a kan mumbari da jami'an tsaro kewaye da shi. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ƴan kallo sai ƙaruwa suke, kuma ba a barin kowa ya kutsa cikin da'ira. Mai hoton da ba shi da zum na kirki, sai ya koma gida da hoton ƙura da bayan kawunan mutane. Ke nan zum ya zama kamar garma ga manomi, kuma ba mu taɓa jin manomin da ya bar damina ta wuce don an ce maƙeri na shirin ƙera sabuwar garma ba.

Bari mu duba yadda kamfanonin suke sabunta kayansu, don a nan ne masu jira suke ruɗuwa. Kamfanin Canon na ƙasar Japan ya fito da zum mai 100-400 a 1998. Shekara da shekaru ana raɗe-raɗin sabo na nan tafe, bai fito ba sai a ƙarshen 2014, wato bayan shekara 16. Yaron da aka haifa ranar fitowar na farko ya isa riƙe shanun huɗa kafin na biyu ya bayyana. Na Nikon mai 80-400 ya fito a 2000, magajinsa sai 2013. Gaskiya ne na biyun na Canon ya fi na farko nesa ba kusa ba: yana iya ɗaukar abin da ke ƙasa da mita 1 daga gare shi, alhali na farko sai an ja baya mita 1.8, kuma na'urar da ke kashe rawar hannu ta fi ƙarfi. Amma kuɗinsa ranar fitowa dalar Amurka 2,199 ne, sama da miliyan ɗaya na sefa a canjin lokacin, ga shi kuma ya fi nauyi. Wani lokacin ma sabon ba ya kawo abin a zo a gani. Zum mai 70-200 da Canon ya sabunta a 2018, gilasansa iri ɗaya ne da na 2010. Abin da aka ƙara shi ne shafe a fuskar gilashi don rage ƙyallin rana da sauƙin gogewa. Wanda ya jira shekara 8 don wannan, shi ya san abin da ya samu.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, kuma ya kamata duk mai shirin kashe kuɗinsa ya fahimce shi. Kowane ido yana da bakin da yake shiga jikin kyamara, kamar yadda kowace ƙota take da ruwan da ya dace da ita. Bakin da Canon ke kira EF tun 1987 yake, na Nikon mai suna F kuwa tun 1959. A 2018 kamfanonin biyu suka fito da kyamarori marasa madubi a ciki, masu sabon baki: RF na Canon, Z na Nikon. Tun daga nan ƙarfinsu ya koma can. Canon bai sake fito da wani zum mai jawo nesa na bakin EF ba bayan 2018. Wanda ya gaji mai 100-400 shi ne mai 100-500 na 2020, kuma bakinsa RF ne. Sabon ido ba ya shiga tsohuwar kyamara ko kaɗan. Tsohon ido kuwa yana shiga sabuwar kyamara in an sa masa zoben haɗi, ya yi aiki lafiya lau. Saboda haka mai tsohuwar kyamara da ke jiran samfuri na uku, jiran gawon shanu yake yi. Saniya ma ta fi shi, don ita ta san in rani ya yi gawo zai zubo.

Sai yanayin ƙasarmu. Waɗanda suke gwada waɗannan kaya su yaba su, a ƙasashen sanyi da hasken rana kaɗan suke. Na'urar kashe rawar hannu da ake ta ƙara wa ƙarfi, amfaninta sai haske ya yi ƙasa. Ƙa'idar masu sana'a ita ce, mai ɗauka da milimita 400 a hannu ya sa ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. A ranar Dungas ta watan Afrilu wannan ba wuya ba ne ko da tsohon ido. Kuma na'urar ba ta tsayar da ɗan kokowa mai motsi, hannun mai hoto kawai take tsayarwa. Abokan gabanmu na gaskiya su ne hazon hunturu, da hucin zafi mai sa abin nesa rawa, da ƙura. Biyun farko babu gilashin da ke maganinsu komin tsadarsa. Game da ƙura kuwa, a nan muna da gargaɗi. Zum ɗin 1998 ja da turawa ake yi, yana zuƙar iska yana fitarwa, har Turawa suka yi masa laƙabi da famfon ƙura. Wanda zai riƙa yawo da shi a bayan babur tsakanin Wacha, Bande da Ɗan Ciyawo, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki na murɗawa. Da damina kuma, kudancin jahar Damagaram ya fi arewa laima, gilashin da aka rufe cikin jaka yana iya yin fumfuna daga ciki.

Masu cewa a dakata suna da hujja guda mai ƙarfi, ba za mu ɓoye ta ba. In sabo ya fito, masu hali a Turai sukan sayar da nasu, farashin na hannu ya sauka. Haka ne. Amma kafin wannan sauƙi ya iso shagunan Kano ko na Yamai, kuɗin jigila da duwan da canji sun lashe shi. Dattawa ba su manta ranar 12 ga Janairun 1994 ba, da aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka a dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024. Dalar Amurka da banki ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, kuma ɗan kasuwar Kano da dala yake auna kayan da ya shigo da su. Wanda ke zaune kusa da Tinkim ko yake cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba ya bukatar a faɗa masa cewa farashin bara ba ya jiran kowa.

Mun yarda a dakata a wuri biyu kawai. In mutum na shirin sauya kyamarar kanta cikin ƴan watanni, ya fara yanke shawarar bakin da zai bi. In kuma kamfani da kansa ya sanar da ranar fitowar sabo, ba jita-jita ba, jiran wata biyu ko uku ba laifi. Wanda kuma tsohon idonsa ke biya masa bukata, ya riƙe kuɗinsa ya sayi hatsi. Shi ba ya cikin wannan magana.

Yanzu ga shugabannin ma'aikatu da magadan gari. Duniya ta san labarin gawon Magariya, Matamaye da Mirya. Binciken da Larwanou Mahamane da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya nuna manoman waɗannan gundumomi uku sun raya itatuwa a gonaki masu faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, ta hanyar barin tsiro ya girma. Abin da ya rufe bakin masu shakka shi ne hoto: Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na bayan shekara 30, kowa ya ga bambanci da idonsa. Ba da zum aka ɗauki waɗancan ba, amma da an ce a 1975 a jira kyamara mafi kyau, da babu abin da za a gwada da shi. A wannan shekarar ce kuma cuta ta lalata gujiyar ƙasar nan. Mai karatu ya tambayi kansa, a ma'aikata nawa zai iya samun hoton kasuwar gujiya ta Magariya ta wancan zamani, da tarin buhunanta?

Ma'aikacin gandun daji mai ƙirga tsuntsayen tabki, da malamin gona mai son nuna wa na sama da shi garken jan-baki a kan gero, yau suke bukatar kayan aiki. Dungas ta zama gunduma a 2011, tarihinta yanzu ake rubuta shi. Amma kada ma'aikata ta ce sai sabon fitowa. Kuɗin sabo guda zai sayi samfurin da ya gabace shi, da ƙafa uku ta ɗora kyamara, da jaka mai hana ƙura, har a samu ragowar horar da wanda zai riƙe shi. A kuma ware wurin ajiye hotuna, kowane da kwanan wata da sunan gari, don kada su bi ma'aikaci ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Wanda zai sayi na hannu, ya tafi da kyamararsa. Ya cire murafun biyu, ya haska tocila ta ciki: ƴar ƙura ba komai ba ce, amma in ya ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ya ajiye. Ya murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe ya ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Ya ɗauki hoton rubutun wani allo mai nisa, ya buɗe shi ya duba gefen dama da na hagu ko kaifinsu ɗaya. Sa'an nan ya nemi takardar ciniki mai ɗauke da lambar da ke jikin idon, don jami'in duwan yana iya tambayarta a kan iyaka.