Ra'ayi: A kawo tallafin karatun 'ya'ya mata kafin kaka ta wuce

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Sabon Maci, a kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, ya san abin da watan Oktoba ke zuwa da shi. A lokacin ne ake komawa makaranta a Nijar, a lokacin ne kuma gero ke shiga rumbu, kuɗi su ɗan shigo hannu, a fara sa ranar biki. Yarinyar da ta gama firamare tana tsakiyar waɗannan abubuwa biyu, kuma sau da yawa 'yan jikkuna kaɗan ne ke yanke mata hukunci.

Ƙauyensu na da firamare, amma kwaleji sai an je babban gari. Ke nan sai an samo mata mai masauki, a kai masa 'yan tiyoyin gero, a saya mata littattafai da sabulu da takalmi, a tanadi kuɗin mota idan an yi hutu. Uwarta kuma ta rasa mai ɗebo ruwa da mai talla. Uban da bai da tabbacin hatsinsa zai kai shi damina, idan masu neman aure suka yi sallama, ba mugunta ce ke sa shi amsawa ba. Lissafi ne irin na wanda babu ta yi wa katutu.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai 89. Wa'azi da taron wayar da kai a otal ba su sauya lissafin uban nan. Abin da ke sauya shi shi ne a ɗauke masa nauyin ciyarwa da masauki. Idan yarinya ta zauna a aji shekara huɗu ta ci jarrabawar BEPC, hanya ta buɗe mata zuwa lise ko makarantar koyon aikin lafiya, wata ma har Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Ranar da ta dawo gida a matsayin ungozoma ko malama, matan da ke jin nauyin nuna jikinsu ga namiji sun sami wadda za su je wa, ƙannenta kuma sun ga inda karatu ke kai mutum.

Ba a ce hukuma ba ta yi komai ba. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke makaranta da tallafa mata. Shirin SWEDD na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2015, ya taimaka wa 'yan mata marasa galihu su ci gaba da karatu. Mohamed Bazoum ya hau mulki a 2021 da alƙawarin gina makarantun kwana na 'yan mata. A Najeriya ma shirin AGILE na ba iyaye kuɗi a jihohi irin su Kano da Katsina.

Sai dai akwai gyara. Tallafin hukumar ANAB, wanda aka fi sani, yawancinsa na waɗanda suka riga suka ci BAC ne. 'Yar ƙauyen Dakoro kuwa tun a ƙofar kwaleji take faɗuwa, shekara bakwai kafin ta kai nan. Na biyu, tallafin da ya iso a watan Maris ya zama ihu bayan hari, domin a lokacin an riga an kai amarya. Na uku, kuɗin waje ba abin dogaro ba ne. Mun ga yadda Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, alhali yarinyar da ta bar aji wata shida da wuya ta koma.

Wasu za su ce iyaye ne ke cinye kuɗin. Yana faruwa. Maganinsa a biya mai masauki kai tsaye, a sayi kayan karatu a hannunta wa yarinyar, a kuma riƙa duba rajistar aji kowane wata tare da ƙungiyar iyaye mata. Wasu kuma za su ce ina batun yara maza? Su ma suna buƙata, amma namijin da ya bar makaranta bana yana iya komawa baɗi. Macen da aka ɗaura wa aure ba ta da wannan damar.

Saura mu 'yan boko da ke birni, da 'yan'uwa mazauna Kano, Legas, Akara, Abijan da Faransa. Muna haɗa kuɗin biki da na gaisuwar mutuwa a zaurukan WhatsApp cikin kwana biyu. Mutum goma ba za su kasa ɗaukar nauyin yarinya guda daga shigarta kwaleji har ta gama ba. A nemi shugaban makarantar garinku tun watan Agusta, a tambaye shi sunayen waɗanda suka ci jarrabawa amma babu mai riƙe su, a biya kafin a yanke gero. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira wata hukuma ba kafin ta tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. Mu da ke da wayar tura kuɗi a aljihu, wane uzuri ke gare mu?