Ra'ayinmu: Ƙara Daban, Daɗin Sauti Daban

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a tsakanin samarin da Allah ya hore wa mota, wato gardamar wace wufa ce ta fi kowace. Ga wanda bai sani ba, wufa ita ce babbar lasifikar nan da ake girkewa cikin akwati a but, wadda aikinta kawai fitar da amo mai zurfi, daga haz 20 zuwa wajen haz 80, irin wanda mutum kan ji a ƙirjinsa kafin ya ji a kunnensa. Mun saurari wannan gardama, kuma abin da muka lura shi ne masu yinta sun cuɗa abu biyu waɗanda masu ƙera kayan suka daɗe da rabawa.

A Amurka, inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi tun shekarun 1980, gasa iri biyu ake yi. A ta farko alƙali yakan shiga motar ya zauna, ya saurari kiɗa, ya duba ko kowace murya ta fito a inda ya kamata. A ta biyu, irin wadda ake kira dB Drag Racing, ba ruwan kowa da kiɗa. Na'urar awo ake sa wa a cikin mota, a rufe ƙofofi, mai motar ya tsaya daga waje ya saki amo guda ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. Motocin da suka yi fice a nan sun haura desibel 180, an cika jikinsu da kankare, an maye gilasansu da kauraran alluna, kuma babu mahalukin da ke zama a ciki lokacin gwaji. To, wanda ya ga sunan wata wufa ta ci irin wannan gasa, ya je ya saye ta domin ya ji waƙa a hanyarsa ta zuwa lacca, lalle ya sayi dokin sukuwa ne ya ɗaura masa garma.

Manyan kamfanonin su ma kowa da inda ya fuskanta. JL Audio na Jihar Florida, wanda ya fito da W7 a 2001, ya yi suna ne wajen sa fefen lasifika ya yi tafiya mai nisa gaba da baya ba tare da sautin ya gurɓace ba. Kicker na Oklahoma ya yi wa L7 fuska mai kusurwa huɗu, domin a faɗi iri ɗaya murabba'i ya fi da'ira fili, ke nan ya fi tura iska. Sundown Audio kuwa a wurin masu neman ƙara ya samu karɓuwa. Ba mu ce ɗaya banza ce ba. Amma a ganinmu sunan da ke jikin lasifikar bai kai akwatin da aka sa ta ciki muhimmanci ba, kuma a nan ne yawancin masu gardamar suke yin shiru.

Akwati iri biyu ne aka fi sani. Akwai rufaffe ruf, wanda Edgar Villchur ya kyautata dabararsa a 1954, inda iskar da ke kulle a ciki take riƙe fefen kamar linzami, ya motsa da an buga, ya tsaya da an daina. Akwai kuma mai kafa, wanda ake yi wa bututu a daidaita shi a kan wani amo, iskar bututun ta riƙa taya fefen aiki. Mai kafa ya fi ƙara a kusa da amon da aka daidaita shi, amma ƙasa da nan sai ƙarfinsa ya zube da sauri, ninki biyu na yadda rufaffe ke zubewa, fefen kuma ya rasa mai riƙe shi. Ga wani abin da ake mantawa: ɗakin mota ƙarami ne, shi da kansa yana ƙara wa amo mai zurfi ƙarfi, har ya kan cike gurbin abin da rufaffen akwati ya rasa. Shi ya sa rufaffe ke da daɗin ji a mota fiye da yadda girmansa zai nuna. Mai kafa ma yana iya yin daɗi in an lissafa shi, kuma lissafin ba asiri ba ne, Neville Thiele ya buga shi a Ostareliya tun 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Abin takaici, sau da yawa kafinta ne ke auna faɗin but ya yanka katako, ya huda rami inda ya ga dama. Sakamakon shi ne duk igiyar da mai jita ya taɓa, amo ɗaya ne zai fito, "bum, bum", tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai batun wat, wanda 'yan kasuwa ke cin kasuwarsu da shi. Duk ɗalibin da ya zauna ajin fizis ya san ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Wanda ya bar amfilifaya mai wat 500 ya koma mai 1,000 ya kashe kuɗi mai yawa a kan bambanci kaɗan. Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ma abar tuhuma ce. Mota tana tafiya wutarta wajen bolt 14 ce. In fis ɗin amfilifaya na ampiya 30 ne, 14 sau 30 ya ba da 420, to ina wat 3,000 ɗin da aka yi alkawari za su fito? Lambar RMS ita ce abin dubawa. In kuwa wat 1,000 ɗin na gaskiya ne, za su ja ampiya wajen 90, kusan duk abin da danamon ƙaramar mota ke iya bayarwa, kuma kowane mai wayarin ya san ma'anar fitilun da ke lumshewa duk lokacin da ganga ta faɗi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami dai shi ne kunne. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya rage minti 15. Gaskiya ne wannan ma'auni yana rangwanta wa amo mai zurfi, domin kunne ba ya jinsa sosai. Sai dai wanda ya cika but da ƙara dole ya ɗaga sauran lasifikokin kafin ya ji muryar mawaƙi, su kuwa babu rangwame a kansu. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Amo mai zurfi kuma ya fi kowane ratsa bango, saboda haka ɗalibin da ke bitar jarrabawa a ɗakin kwana yana karɓar rabonsa ko da ya rufe taga.

Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na fizis da su ware rana guda a wannan zango, su fito da na'urar awon sauti filin ajiye motoci, duk mai wufa ya kawo tasa, a auna daga kujerar direba a kan ƙarar da ya saba tafiya da ita, a rubuta masa lambar da mintocin da NIOSH ta yarje masa a kanta.