Ba kuturta ba ce, ba kuma sammu ba ne

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Mace ta taɓa ruwan sanyi yatsunta su yi fari su koma shuɗi, fata ta yi tauri, gyambo ya ɓullo a kan yatsa, sai mu ce kuturta ce, a ware mata kwano. Wani ma ya ce karkare ne, a kai wa wanzami ya tsaga!

Likitoci na kiran ciwon sikiloroderma. Garkuwar jiki ce ke faɗa da mai ita, ƙananan jijiyoyi su tsuke, jini ya kasa isa yatsu. Ba a ɗaukarsa, kuma mata ya fi kamawa. In aka tsaga yatsan da jini bai isa, ruɓewa zai yi, ƙarshenta a yanke.

Ku tambayi masu ciwon buƙatarsu: maganin raɗaɗi, mai wanke gyambo kusa da gida, maganin buɗe jijiya irin nifedipine, ruwan ɗumi na alwala a hunturu, da wanda zai ɗauke musu wanki.

Tunda Daura ta samu Cibiyar Lafiya ta Tarayya, don me mutuniyar Zango ko Mai'aduwa za ta riƙa biyan mota zuwa Kano neman ƙwararre? Wakilanmu, kuna ji?