Kwikwiyo Mai Ƙiriniya: Hukuncin Ajiye Shi da Haƙƙinsa a Kan Ubangidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, Ya sanya su amana a hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan ajiye 'yan kwikwiyon karnukan Turai a gida, abin da ake gani a gidajen waɗansu ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, musamman a sababbin unguwannin manyan garuruwa. Wani tsoron ɓarayi ne ya sa ya nemo, wani ɓeraye ne suka addabe shi a sito, wani kuwa 'ya'yansa ne suka gani a gidan maƙwabci suka matsa masa. Daga cikin irin da ake kawowa akwai wani ɗan ƙarami da ake kira teriya. Mutum yakan gan shi ɗan mitsitsi ya ce wannan ba zai ba da wahala ba. Kafin wata ya cika ya tauna takalma, ya tone shuka, ya yaga darduma, ya hana kaji sakat. Daga nan sai duka, sai sarƙa, ƙarshe a kai shi bayan gari a yar. To, abin da muke so mu bayyana shi ne, wanda ya shigo da wannan dabba gidansa ya ɗauki amana, kuma za a tambaye shi abu biyu: don me ya ajiye ta, kuma yaya ya riƙe ta.

Asalin wannan kare

Sunan teriya ya samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar ƙasa, domin karnuka ne da mutanen Ingila suka yi ta zaɓen irinsu don su shiga rami su fito da dila, ko su kashe ɓeraye a gonaki da rumbuna. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira Jak Rasal, sunan da aka samo daga wani limamin Kirista na yankin Debon mai suna Jon Rasal, wanda aka haifa a 1795, ya mutu a 1883. Mutum ne mai son farauta, kuma a 1819, yana ɗalibi a Oksfod, ya sayi karyar da aka ce daga gare ta irin nan ya faro. Nauyin babbansu bai cika wuce kilo 8 ba, kuma yakan rayu shekara 13 zuwa 16.

Ashe ke nan tonon rami, da bin duk abin da ya gilma da gudu, da yawan haushi, aikin da aka shekara kusan 200 ana zaɓen kakanninsa dominsa ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi bai san ɓarna ba, kuma ba mukallafi ba ne balle a rubuta masa laifi. Mai hankalin da ya ɗauko shi ya kulle a tsakar gida mai siminti, shi ne abin tambaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shin ya halatta a ajiye shi?

Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Bukhari da Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ba, ana rage masa lada kowace rana. A riwayar Abdullahi ɗan Umar ƙiraɗi biyu ne, a ta Abu Huraira ƙiraɗi ɗaya, kuma a cikinta aka ƙara karen tsaron gona. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da ake nufi da asarar da ke fita kullum ba ta tsayawa.

Game da tsaron gida, malamai sun yi saɓani. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana ajiye kare a gidajen birni da na ƙauye a cikin Risala, ya keɓe na kiwo da na gona da na farauta. Amma masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, shi kansa ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Ibnu Abdil Barri daga Malikawa da Imamu Nawawi daga Shafi'awa sun rinjayar da halaccin ajiye shi don tsaron gida, bisa ƙiyasi a kan ukun da aka ambata. A fahimtarmu, wanda ɓeraye ke ɓata masa hatsi a rumbu ko a sito ya fi kusa da mai tsaron gona, kuma wannan shi ne aikin da teriya ya fi gwaninta a kai. Wanda kuwa ya ajiye shi don ado, ko don a ce shi ma ya waye, ko don yara sun yi kuka, ba mu ga mafita gare shi daga wancan gargaɗi ba.

Ga masu saye da sayarwa kuma, mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne hana cinikin kare. Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta sayar da wanda shari'a ta yarda a ajiye, haka kuma Imamu Abu Hanifa. Saboda haka wanda ya mai da kiwon karnukan ado sana'a, ya sake duba al'amarinsa.

Tsarki da wurin zamansa

A mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa. Idan ya yi lallagi a ƙwaryar ruwa, an so a zubar da ruwan a wanke ta sau 7, don bin umurni kawai. A wurin Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad yawunsa najasa ne, wanki 7 wajibi ne, ɗaya da ƙasa. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne a wurinsu duka, kuma kwikwiyo a watanninsa na farko ba ya iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Ga kuma hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da akwai kare. Alkhaɗɗabi ya ce bai haɗa da karen da aka yarda a ajiye ba, Nawawi ya ce ya haɗa. Hanyar tsira ita ce a yi masa ɗaki nasa a gefen gida, mai inuwa da iska, da ƙwaryar ruwansa da ta abincinsa dabam, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla da madafa. A ɗauke buta da sallaya da littattafan addini daga inda bakinsa zai kai.

Tarbiyyarsa

A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Allah Maɗaukaki Ya halatta mana abin da dabbobin farauta masu horo suka kamo, Ya kuma nuna cewa horon nan yana daga ilmin da Ya sanar da mu. Malaman fiƙihu sun ce alamar kare mai horo ita ce in aka tura shi ya tafi, in aka tsawata masa ya tsaya. Ashe koyar da kare ba aikin banza ba ne, kuma ba Turawa suka fara shi ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da farko kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo a cikin wasa. Sa'an nan a sani haƙoran nono 28 gare shi, suna fara zubewa tun yana wata 3 zuwa 4, manyan haƙora 42 su gama fitowa wajen wata 6 ko 7. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, dole ya yi tauna. A ba shi abin taunarsa, kamar igiya mai kauri da aka ƙulla ko ƙwallon roba mai tauri. Kada a ba shi tsohon takalmi, domin bai san bambancinsa da sabo ba. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. To, maganin abin a kawar da takalmin tun da wuri.

Na biyu, a fitar da shi wuri guda da aka keɓe masa duk sa'ad da ya tashi daga barci, ko ya ci abinci, ko ya gama wasa. In ya yi a can a yaba masa a ba shi ɗan abin lasa nan take. In ya yi a inda bai kamata ba, a wanke wurin sarai a yi shiru. Dukan da aka yi masa bayan sa'a guda, bai san dalilinsa ba, tsoron mai gida kawai zai koya, kuma kare matsoraci shi ne mai cizo. Balle ma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa an hana dukan dabba a fuska.

Na uku, a koya masa kalmomi kaɗan, kamar "zo" da "zauna" da "bari", minti 5 sau biyu ko uku a yini, kuma mutanen gida duka su yi amfani da kalma iri ɗaya. In uwargida ta hana, yara suka bari, ba abin da zai zauna masa. Na huɗu, a gajiyar da shi ta hanyar da ta dace. Ƙaramin kwikwiyo wasa gajere yake so sau da yawa, da barci mai yawa. Babba yana bukatar kamar sa'a guda ta gudu da zagaye kowace rana, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, da igiya a wuyansa in a kan titi ne. A keɓe masa lungu mai yashi inda zai yi tono. Mafi yawan ɓarnar da ake kuka da ita ƙarfi ne da ya taru bai sami mafita ba.

A nan ne muke kira ga ma'aikacin da ke fita tun da safe sai yamma, da ɗan kasuwar da ba ya barin rumfa sai magariba, su tambayi kansu wa zai yi wannan aiki. In amsar ita ce za a ɗaure shi da sarƙa yini da kwana, to, su tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Su kuma tuna da mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hadisan biyu suna cikin Bukhari da Muslim. Dabbar nan tana iya zama ƙofar gafara, tana iya zama ƙofar azaba.

Abinci da lafiya

Kwikwiyo yana cin abinci sau 3 ko 4 a yini, kaɗan-kaɗan, kuma kada ruwa mai tsabta ya yanke masa. Kada a ba shi albasa, ko inabi, ko cakulan, ko goro, ko ƙashin kaza dafaffe, domin waɗansu guba ne gare shi, ƙashin kuwa yakan tsage ya soke hanji. A kai shi asibitin dabbobi tun yana mako 6 zuwa 8 a fara masa alluran rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, kuma kada ya cuɗanya da karnukan titi kafin ya gama alluransa.

Mafi muhimmanci ita ce allurar cutar haukan kare, wadda ake yi masa in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma da yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin abin da zai faru. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma rigakafi ya fi magani.

Haƙƙin maƙwabta

Wannan kare gwanin tsalle ne da tonon ƙarƙashin shinge, kuma kaza da zabuwa da zomo duk abin farauta ne a idonsa. Malamanmu sun yi bayani cewa mai kare mai cizo, in an yi masa gargaɗi bai tsare shi ba, ko ya ajiye shi inda ba a yarda ba, to, biyan abin da ya lalata yana wuyansa. Haka nan haushin da ke hana maƙwabci barci, da tsoratar da yara masu zuwa makarantar allo, da baƙon da ya yi sallama a ƙofa, duk cutarwa ce da za a yi hisabi a kanta.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, wanda bai riga ya ajiye ba, kuma ba shi da bukatar da shari'a ta yarda da ita, ya bari, ya huta da ragin lada da ɗawainiyar shekara goma sha wani abu. Wanda yake da bukata ta gaskiya, ya ajiye bisa sharuɗɗan da muka ambata. Wanda kuwa ya riga ya ajiye ya ga ba zai iya ba, kada ya yar da shi a titi ya zama annoba ga jama'a, kada kuma ya kashe shi ba da haƙƙi ba. Ya nemi manomi ko maharbi ko mai rumbu da zai amfana da shi, ya ba shi kyauta.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sanya a ƙarƙashinmu, Ya yi mana rahama kamar yadda Ya umurce mu da jin ƙan halittarSa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.