Kada A Ci Moriyar Ganga A Ya Da Kwaurenta

Da wuya shugaban kamfani ya tashi jawabi a bikin ƙarshen shekara bai ce ma'aikatansa su ne ƙashin bayan kamfanin ba. Faɗa da baki ba ta da wuya. Inda ake gane gaskiyar maganar shi ne irin tanadin da ya yi musu domin ranar da ƙarfi zai ƙare, watau kuɗin fensho.

Mutanen Kaduna ba su bukatar a ba su labari. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, aka bar ma'aikatanta shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba a biya su ba. Haka ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, suka yi ta jira, ko a 2018 ma wani kaso na kuɗinsu ne kawai Gwamnatin Tarayya ta saki. Dalili kuwa shi ne, a tsohon tsari fensho alkawari ne da ke cikin littafin mai kamfani. In kamfani ya faɗi, alkawarin ya bi shi.

Don magance wannan ne aka kafa dokar fensho ta 2004, aka kuma sabunta ta a 2014. Bisa dokar 2014, duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye tilas ne ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikaci a cire masa kashi 8. Kuɗin suna shiga asusu mai sunan ma'aikacin, a hannun kamfanin kula da fensho da shi ya zaɓa, ƙarƙashin idon hukumar PenCom. Ko ya sake wurin aiki, asusunsa na biye da shi. Misali, in albashin da ake lissafi a kansa Naira 100,000 ne, kowane wata Naira 18,000 za ta shiga, a shekara Naira 216,000 ke nan, ban da riba.

To, amma doka ba ta iya sa wa mutum amana a zuci. Akwai masu kamfanin da kan cire kason ma'aikaci daga albashinsa, sa'an nan su riƙe kuɗin su juya, alhali dokar ta ce a zuba su cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, wanda ya saɓa kuma ya biya tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kowane wata. Akwai kuma masu ajiye mutum shekaru da sunan ma'aikacin wucin gadi, don kawai su kauce wa wannan nauyi.

Mai kamfanin da ya ɗauki ma'aikatansa da daraja kuwa ba ya ɓoyuwa. Yana zuba kuɗin a kan kari, yana yi musu inshorar rai ta ninki 3 na albashin shekara kamar yadda dokar ta umarta. Wani ma yakan ɗauke wa ma'aikaci nasa kason, ya biya kashi 20 shi kaɗai. Irin wannan ba ya hasara, domin ƙwararren ma'aikacin da hankalinsa ya kwanta game da tsufansa ba ya saurin barin wurin.

Saboda haka ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙa neman takardar bayanin asusunsa daga kamfanin fenshonsa, ya duba wata bayan wata. In ya ga giɓi, ya kai kuka ga ƙungiyar ƙwadagonsa da PenCom tun kamfanin yana tsaye da ƙafafunsa, domin ranar da aka garƙame ƙofa ba sauran wanda za a riƙe.