Wasiƙa Zuwa ga Mabusan Algaita na Birnin Kudu da Gwaram

Iyayena da yayyena, 

Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami: ku riƙa ƙirƙiro busa taku ta kanku. Taken Sarkin Dutse da na hakimai amana ce da kuka gada, babu mai cewa a taɓa su, su jama'a ke jira ranar hawan sallah. To amma kowane take da kuke busawa yau, wani mabushi ne ya zauna ya haɗa shi, sunansa ne kawai ya ɓace. Don me ƙirƙira za ta tsaya a kansa?

Ga misali, a Jamus akwai Jörg Widmann, wanda aka haifa a Munich a 1973. Kilarinet yake busawa, 'yar'uwar algaita ce, sai dai harshen kara ɗaya gare ta, taku kuwa biyu. Shi ke busa, shi ke tsara kiɗan. A 1993 ya tsara Fantasie, busar kilarinet zalla babu rakiyar kowa, yau ɗalibai a ƙasashe da dama ita suke koyo. Wanda kayan ke bakinsa kullum shi ya san inda sautin ke kuka da inda yake tsawa, sanin da mai tsara kiɗa a takarda kaɗai ba ya da shi.

Ku kuwa kun riƙe abin da mabusan Turai ke shan wahala kafin su iya: ku kumbura kumatu, ku shaƙi iska ta hanci, sautin bai yanke ba. Ba banza ba Yusef Lateef, mashahurin mabushin Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin busarmu. Yana mini ciwo in ga wannan baiwa tana jiran sallah zuwa sallah, alhali lasifika ta ƙwace gidajen biki.

Ku haɗa wa amarya busarta, ku haɗa wa manoma tasu lokacin kaka. In kun gama, ku sa ɗa ko jika ya ɗauka a waya, amma kafin ku kai algaita baki, ku faɗi sunanku da garinku da shekarar. Yaron da ke binku kuma, kada ya ƙare a riƙe muku jaka. In ya iya taken gado, ku ce ya kawo nasa ku ji.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanku,
daga Kwandiko