Sharhi: Alƙahira na cin moriyar hubbarorinta, Madarumfa na jiran UNESCO tun 2006

A ranar 1 ga Nuwamban 2025 gwamnatin Masar ta yi bikin buɗe katafaren gidan tarihinta da ke kusa da dalar Giza, a gefen birnin Alƙahira. Aikin ya ci fiye da dala biliyan ɗaya, an kuma shafe kusan shekara 20 ana yin sa. A ciki aka tattara kayan Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 wuri guda. Masar ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido miliyan 15.7 a 2024, kuma da wannan gida take fatan ƙara yawansu.

Hotunan bikin sun zagaye wayoyin matasa daga Yamai har Kano. Ga mutumin jihar Maraɗi, labarin ya kamata ya tuna masa da wani abu da ke ƙofar gidansa. A 2006, daidai lokacin da Masar ke fara wancan gini, Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan tafkin Madarumfa da dajinsa da kaburburan waliyyai 99, a jerin wuraren da take son a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Masar ta gama nata. Madarumfa tana nan a jerin masu jira.

Babu wanda zai haɗa ƙarfin Alƙahira da na Madarumfa. Ɗaya birni ne mai mutum fiye da miliyan 20, ɗaya kuwa hedkwatar gunduma ce da ba ta wuce kilomita 25 kudu da Maraɗi ba. Amma akwai abin da suka yi tarayya a kai: dukkansu suna da kaburburan bayin Allah da jama'a ke niƙo gari su ziyarta. A nan ne darasin yake, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da baƙo ke zuwa gani a Alƙahira

Fatimawa ne suka kafa birnin a shekarar 969 miladiyya, suka aza harsashin masallacin Azhar a 970. A 1979 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya. Bature in ya je, dala da gumakan Fir'aunoni yake nema. Musulmin Afirka ta Yamma kuwa tun da can wata Alƙahirar daban yake nufa: Azhar, masallacin Sayyidina Husaini, na Sayyida Zainab, na Sayyida Nafisa, da hubbaren Imam Shafi'i wanda ya rasu a 820, aka gina masa ƙubbar da ake gani yau a 1211.

Alaƙarmu da birnin tsohuwa ce. Sarkin Mali Mansa Musa ya yada zango a can a 1324 kan hanyarsa ta zuwa Makka. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi makaranta da masauki domin ɗalibansu a birnin. Malam Jalaluddin Suyuɗi, wanda kabarinsa ke Alƙahira, ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15. Shi kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan malami Hasan al-Jabarti. Tunda sarautar Maraɗi reshe ce ta tsohuwar Katsina, wadda Ɗan Kasawa ya kafa wajen 1819 bayan jihadi ya fitar da su daga birnin, wannan tarihi na mutanen Maraɗi ne kamar yadda yake na Katsinawan Najeriya.

Gwamnatin Masar ta fahimci cewa ziyara kasuwa ce mai zaman kanta. Ta sake buɗe masallacin Husaini bayan gyara a 2022, na Sayyida Nafisa a 2023, na Sayyida Zainab a 2024. Lokacin maulidan waɗannan bayin Allah, akasarin masu cika unguwannin Misirawa ne da suka fito daga ƙauyuka. Su ke sayen abinci, su kama ɗaki, su shiga mota. Kuɗin da suke kashewa a hannun talakan unguwa yake tsayawa.

Ɗaya fuskar labarin

A wannan birnin dai, tun 2020 katafila ke rusa sassan tsohuwar maƙabartar Alƙahira domin shimfiɗa manyan tituna da gadoji. Iyalai sun kwashe ƙasusuwan kakanninsu zuwa sababbin maƙabartu a wajen gari. Masana tarihi da masu zanen gine-gine sun yi ta kuka. Amsar da hukumomi suka riƙa bayarwa ita ce, gine-ginen da aka rusa ba sa cikin rajistar kayan tarihi da doka ta kare.

Wannan amsa ita ce abin da ya fi dacewa mutanen Madarumfa su riƙe. Ko a ƙasar da ke cin abinci da tarihi, abin da ba a rubuta ba, ba a auna iyakarsa ba, ba shi da mai kare shi ranar da titi ya zo.

Abin da Madarumfa ta mallaka

Tafkin Madarumfa shi ne ruwa mafi girma a jihar Maraɗi da ba ya ƙafewa. Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke zuba masa, su biyun kuma daga ƙasar Najeriya suke gangarowa. Masunta na kama karfasa da tarwaɗa, masu lambu na noman rani a bakinsa, makiyaya na shayar da dabbobi. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai na sauka a kansa lokacin sanyi. A Disamban 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare fadamu da tafkuna, da faɗin hekta fiye da 500. Arewa da shi akwai dajin gwamnati mai hekta kusan 830.

A kewayen tafkin ne al'adar garin ta ce waliyyai 99 ke kwance. Mutane daga sassan Nijar da arewacin Najeriya sun daɗe suna zuwa ziyara da addu'a. Ruwa, daji da hubbarori a wuri ɗaya: wannan haɗin ne ya sa Nijar ta gabatar da wurin a matsayin gadon halitta da na al'ada a lokaci guda.

Shiga jerin masu jira ba amincewa ba ce. Mataki ne na farko kawai. Bayansa sai ƙasa ta shirya cikakken kundi: taswira mai iyakoki, hujjar darajar wurin, dokar da ke kare shi, da tsarin wanda zai kula da shi. Daga nan masana su zo su duba, kwamitin UNESCO ya yanke hukunci. Nijar ta san hanyar, domin ta bi ta sau uku: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013. Agadas da Madarumfa a shekara ɗaya suka shiga layi, a 2006. Agadas ta fita cikin shekara bakwai.

Abubuwa uku da ke tare hanya

Na farko tsaro. Gundumar Madarumfa ta yi iyaka da jihar Katsina, ba ta kuma da nisa da Zamfara. Tun wajen 2019 'yan bindiga ke tsallakowa suna satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan Gabi, Ɗan Isa da Safo, suna fakewa a dajin Baban Rafi. Dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya sun shigo jihar Maraɗi. Sojojin Nijar na gudanar da farmakin da suka kira Farautar Bushiya a yankin. Amma mai ziyara ba soja ba ne. In ya ji an ɗauke mutum a ƙauyen da ke kusa, sai ya fasa tafiya, ko da garin da zai je lafiya lau yake.

Na biyu iyaka. Mafi yawan waɗanda za su iya zuwa Madarumfa suna Katsina, Daura, Kano da Zariya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ta fara buɗe wasu a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Cikin shekara biyar ke nan, hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ta yi fiye da shekara uku a garƙame. Babu mai zuba jarinsa a masauki ko gidan abinci a wurin da ba shi da tabbacin ƙofar baƙinsa za ta kwana a buɗe.

Na uku ruwan kansa. Madatsar Jibiya da Najeriya ta gina a kan kogin Gada, wanda shi ne ke zama Gulbin Maraɗi in ya tsallako iyaka, ta canja yadda ruwa ke isowa. Saran itace da zaizayar ƙasa na tura rairayi cikin tafkin kowace damina, zurfinsa na raguwa. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990 domin raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na ciki. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Kayan aikin sulhu suna nan. Sai dai in dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami, maganar ruwan masunta ce ke fara komawa ƙarshen layi.

Akwai wani batu da mutane ba su cika son taɓawa ba: saɓanin malamai kan ziyarar kaburbura. A Maraɗi akwai mabiya ɗariƙu da ke ganin ta ibada ce, akwai kuma mabiya Izala da ke ganin ana wuce iyaka. Wannan muhawara ta malamai ce. Amma ko wanda ba ya ziyara zai yarda cewa sanin wanda ya zauna a wuri, da lokacin da ya zauna, ilimi ne. A 2012 masu ɗauke da makamai sun rusa hubbarorin Tumbuktu. Aka sake gina 14 daga cikinsu zuwa 2015, abin da ya sauƙaƙa aikin kuwa shi ne hotuna da awo da sanin magina na gado. A 2016 kotun duniya ta ICC ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara kan wannan ɓarna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jirgin ƙasa na tafe

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. Ƙasar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi kuwa ta gundumar Madarumfa ce.

Ranar da jirgin ya fara aiki, ɗan Kano zai iya yin sammako ya ci abincin rana a bakin tafki. Wannan alheri ne. Amma hanya ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da masu sayen fili, da masu yanka fuloti, da masu neman wurin gina shago. Farashin ƙasa in ya tashi, kabarin da babu alama a kansa gona ne a idon mai saye. Abin da ya faru a maƙabartar Alƙahira da katafila, a Madarumfa zai iya faruwa a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya ji ƙara ba.

Mene ne abin yi?

Aikin farko ba ya buƙatar dala biliyan. A bi hubbarorin ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a auna wurin kowanne da na'urar GPS, a rubuta sunan da aka san shi da shi, a naɗi muryar tsofaffin da suka gaji labarinsa tun suna raye. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi na da ɗalibai da malaman da za su iya yin wannan cikin zango ɗaya na karatu, in magajin gari da masarauta da limamai suka ba su haɗin kai.

Na biyu, a shata iyakar tafkin da ta kaburburan a takardar hukuma tun kafin masu fuloti su iso, a kuma zauna da masunta da masu lambu da makiyaya wajen shatawar. Dokar da aka yi ba da su ba, ba za ta kai damina biyu ba.

Na uku, a san baƙon da ake jira. Bature mai kyamara ba zai zo nan kusa ba, ƙasashensu sun daɗe da gargaɗin 'yan ƙasarsu kan yankin. Baƙon Madarumfa Bahaushe ne: ɗalibin makaranta daga Maraɗi, mai ziyara daga Katsina, da ɗan gari da ke aiki a Abijan, Legas, Aljeriya ko Jidda wanda ya dawo hutun salla da iyalinsa. Abin da yake buƙata shi ne hanya mai lafiya, makewayi mai tsabta, inuwa, kwalekwale mai rigar ruwa, da allon bayani da zai iya karantawa. Tun Maris na 2025 kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu dalilin da allon zai kasance da Faransanci kaɗai.

'Yan ƙasar da ke waje suna da rawar takawa a nan. Ƙungiyoyinsu sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a garuruwansu. Ɗaukar nauyin ɗalibai goma su yi wannan ƙidaya bai kai kuɗin rijiya ɗaya ba. Gwamnati a Yamai ce kaɗai ke da ikon miƙa kundi ga UNESCO, amma shafukan farko na kundin a bakin tafki za a rubuta su, kuma ya kamata a rubuta su kafin jirgin farko ya tsallako Jibiya.